Kwana Tara Muna Cewa Lafiya Lau

Makon jiya jikana ya zo gida hutu da matarsa da ɗansu na fari. Karatu yake yi a jami'a, irin wanda ake ƙarawa bayan an gama na farko, wai saura masa wani dogon rubutu ya miƙa wa malamansa su sallame shi. Ya shigo zaurena da jakar takardu a hammata, yaron a wuyansa yana ja masa kunne, ya durƙusa ya gaishe ni a haka, yana kiran sunan yaron gatsal a gabana sai ka ce ɗan maƙwabta. Muna cikin hira yaron ya yi tari sau biyu. Sau biyun nan kawai, sai ya katse mini magana ya ce, “Kaka, bari mu leƙa asibiti mu dawo.” Ya saɓa ɗansa a kafaɗa ya fita. Tsofaffin da ke zaune tare da ni suka riƙe baki, ɗaya ya ce shi kam yau ya ga ƙarshen zamani, uba da ɗan fari a wuya a gaban kakansa. Ni ma na taya su, na ce ai kunya ta daɗe da yin ƙaura daga garin nan. Bakina ne ya faɗi haka. Da aka kawo tuwo na sa hannu na kasa kai loma, har aka ɗauke kwanon yadda aka kawo shi.

Yaran yanzu ba za su gane abin da ya ba tsofaffin nan mamaki ba, don haka bari in faɗa. A zamaninmu mutum ba ya kiran sunan ɗansa na fari, ba ya ɗaukarsa a gaban mutane, ba ya yi masa wasa, in an tambaye shi lafiyarsa sai ya sunkuyar da kai ko ya kawo zancen damina. Uwa ma haka, tata kunyar ma ta fi tsanani, ko nono za ta ba shi sai ta kau da kai kamar wadda aka tilasta. Wanda ya fi iya wannan kawaici shi ake kira ɗan mutunci. Kuma a gaskiya abin bai cika cutar da kowa ba, domin gida cike yake. Akwai kaka, akwai goggo, akwai matan baffanni. Su ne masu ɗauka, su ne masu taɓa goshi da safe su ji ko da zafi, su ne masu tada hankalin gida in yaro ya ƙi nono. Iyaye su yi ta kunyarsu, yaro yana hannun da ya fi nasu sanin reno. Abin da ba wanda ya taɓa gaya mana shi ne yadda ake yi in kunyar tana nan, kakar kuwa babu.

Mu mutanen wajen Haɗeja ne, bakin kogi, gidan malamai masu noma da ɗan kamun kifi. Abin da ya faru a ƙasarmu da zuwan Nasara ba sai na tona ba, ya dai watsa gidanmu. Mahaifina ya fita bai dawo ba, mahaifiyata ba ta yi damina biyu a bayansa ba. Dangin matata Rakiya kuwa suka bi ayarin masu yin gabas, har yau ba wanda ya kawo labarinsu. Na karanta ƙananan littattafai a gaban mahaifina, kuma ya sha gaya mini cewa akwai wani malami a Dutse, a unguwar Limawa, wanda ya karɓi babban littafin fikihu baki da baki daga malaminsa, shi ma daga nasa, har can sama. In mutum ya sauke littafin nan a gabansa sai ya rubuta masa izini, da sunayen malaman nan a jere, sunan ɗalibi a ƙarshe, ya naɗa masa rawani, daga ranar ya zama mai karantarwa da ba da fatawa. In babu izinin, ko ka haddace littafin kai ɗalibi ne har ka mutu. Ba ni da gona, ba ni da uba, takardar nan ita kaɗai ce gadon da nake hange. Muka naɗe tabarma, muka ɗauki tukunya ɗaya, muka taho a ƙasa.

Limawan da muka tarar daban take da wadda kuka sani. Gidaje tsiraru ne a gindin duwatsu, dabino ya fi mutane yawa. Da asuba, ladan bai gama rufe baki ba za ka ji kurciyoyi sun ɗauka a kan dabinai, sai turame su amsa daga gida zuwa gida, dutse kuma yana mayar da kowace ƙara, har in mace ɗaya na daka sai ka rantse su biyu ne. Rakiya ta san matan unguwa da sautin taɓaryarsu tun ba ta san fuskokinsu ba, takan ce wannan mai saurin ai matar maƙeri ce, waccan mai hutawa bayan bugu uku ciki gare ta. Da hantsi sai muryar Malam ta fito daga zaure, shi yana fassara, ɗalibi yana cewa na'am, na'am, awaki suna wucewa ta ƙofa ba mai kula su. Yanzu in na zauna a ƙofar gida rediyo nake ji ta kowace kusurwa, ga injin niƙa, ga manyan motoci, kwanon rufi kuma ya kashe amon dutsen nan. Nakan kasa kunne in daɗe kafin in ji turmi ɗaya.

Malam ya ba mu wata bukka can ƙarshen unguwa, jikin wani dutse, da ɗan tazara daga gidansa. Da damina mu yi masa noma da safe, karatu bayan azahar, da rani kuwa karatu tun hantsi. Kowa da lokacinsa a gaban Malam: ka karanta layi biyu ko uku na Larabci, ya warware maka da Hausa, ka koma gida ka kwafe na gobe daga littafinsa, ka cika gefen takarda da bayanin da ka ji. Takarda a lokacin sai fatake sun zo daga Kano, shi ya sa muke yin rubutu ƙanana kamar ƙafar kiyashi, idon da ba na gani da shi yanzu can na baro shi. Tawada ni nake dafa abata da bagaruwa da ƙaro, alƙalami in fere daga karan gamba. Abinci kuwa daga allurata yake fitowa da mazarin Rakiya, ni ɗinkin hula, ita kaɗin zare. In hula ta yi kwantai mu sha kunu mu kwanta. Shekara huɗu muka yi a haka, ban taɓa jin ta ce ta gaji ba, ko da yake ban tuna na taɓa tambayarta ba.

A shekara ta huɗun ta haihu, mace. A al'ada gidan iyayenta za a kai ta ta haihu ta yi wanka, to ina gidan? Matar Malam, wadda kowa ke kira Inna, ita ta tsaya mata. Ni na yi ta saro itace a bayan dutse, 'yan'uwana ɗalibai suna tsokanata wai na bar babin tsarki na koma babin ruwan zafi. Malam ya ba da akuya, shi ya raɗa suna, Halimatu. Inna ta yi wa Rakiya wankan jego kwana arba'in cif, ta dama mata kunun kanwa, ta kuma koya mata kunya yadda uwa za ta koya wa 'yarta. Na ji ta da kunnena ta bayan zana tana cewa, “Ke marainiya ce, idon mutane a kanki yake. Kada in ji sunan yarinyar nan a bakinki, kada a ce ba ki sami tarbiyya ba.” Don ƙauna ta faɗa, wannan na shaida. Da arba'in ta cika ta koma hidimar gidanta mai baƙi kullum, muka rage mu uku a jikin dutse.

Watannin da suka biyo baya su ne mafi daɗin rayuwata, kuma ban taɓa gaya wa kowa ba sai yau. A ɗaki ɗayan nan ake kaɗi, ake ɗinki, ake kwafar littafi, ake reno. Ni da Rakiya ko a junanmu ba ma kiran sunan, “yarinyar nan” muke cewa, ko “mutuniyar”. A gaban uwar ba na ɗaukarta. Amma da ta sa tulu a ka ta nufi rijiya sai in ajiye alƙalami in sure ta, in ɗora a cinya, in yi ta shinshina kanta kamar ɓarawo, kunnena na wajen ƙofa. Wata rana Rakiya ta dawo ta tarar da ita kwance inda ta bar ta, ni kuma na haɗe rai ina rubutu. Ta duba, ta ce mini, “Ikon Allah. Malam, yarinyar nan ta fara rubutu, ga tawada har a hammatarta.” Na ce ƙila ƙuda ne ya kai. Ta ce, “Lalle ƙudan nan yatsa biyar gare shi.” Muka yi dariya kowa na kallon bango. Da ta fara rarrafe sai da na rataye gafaka, jakar fatar da nake zuba takarduna, can a rufin ɗaki, don ta taɓa cinye mini rabin shafi na babin ciniki. Na ce wa Malam akuya ce ta ci, ya yi murmushi ya ce in gaishe da akuyar. Ga ta da ji kuma. In na fara bitar karatu sai ta bar abin da take yi ta juyo, ta kafa mini ido tana rausaya, ni kuwa sai na riƙa ɗaga murya fiye da yadda bita ke buƙata.

Tana da wata goma, wajen ƙarshen damina, wani Bature ya zo da mutanensa suka bi gida gida suna ƙirga kawuna. Da suka tafi Malam ya yi kwana biyu bai fito zaure ba. Rana ta uku ya tara mu ya ce shi ya tsufa, ba zai zauna ana ƙirga shi kamar tumaki ba, da an yanke dawa zai bi ayari ya yi gabas, in Allah ya kai shi Makka to, in ya mutu a hanya ya mutu yana fuskantarta. Mu huɗu ne muka kusa sauka, ni saura mini babi uku. Ya ce zai riƙa ba mu karatu safe da yamma, wanda ya kai ƙarshe kafin tafiya ya karɓi izininsa, wanda bai kai ba sai haƙuri, shi ba ya sa hannu a kan abin da bai ji da kunnensa ba. A duk ƙasar nan ba wani mai ba da izinin littafin sai shi. Na fito na dubi gonaki, dawa ta riga ta fid da kai.

Akwai kuma abin da na sani game da Malam. Shekara biyu kafin nan wani ɗalibi mutumin Garki ya gaya masa matarsa ba ta da lafiya, nan take ya rufe masa littafi ya ce, “Tashi ka je, haƙƙin iyali ya riga karatu. In ta warke ka dawo.” Mutumin ya yi wata uku yana jinya, da ya dawo sa'o'insa sun yi masa nisa, ya karaya ya koma garinsu. Ban manta da shi ba ko kwana ɗaya, kuma ina so a riƙe wannan, don kada a ɗora wa kunya laifin duka.

A makon da aka fara karatu biyu zazzaɓi ya kama yarinyar. Rakiya ta ce, idonta a kan mazari, “Malam, jikin mutuniyar da ɗumi.” Na ce haƙori ne. Na yi rubutu a allo na wanke aka ba ta, na ɗauki gafaka na fita. A zaure Malam ya tambaye ni yadda yake tambayar kowa kafin a buɗe littafi, “Yaya iyali?” Na ce, “Lafiya lau, Allah ya gafarta Malam.” Rana ta uku ta fara jan kunnuwanta tana wani irin kuka mai tsini da ban taɓa ji ba, ta ƙi nono, in an kwantar da ita ta gantsare. Rana ta huɗu kukan ya hana ni bita, ina karanta layi ina mantawa. Sai na kwashi takarduna na hau bayan dutse inda ba a jin ta, na sami inuwa na zauna, na haddace darasina tsaf. Ranar Malam har yaba mini ya yi.

Rana ta biyar Rakiya ta goya ta, ta lulluɓe da mayafi, ta tafi gidan Malam da niyyar faɗa wa Inna. Ta tarar da tsakar gida cike da matan unguwa ana dakan guzurin tafiya, Inna hannu dumu-dumu cikin gumba. Yarinyar ta galabaita ta yi luf a baya. Inna ta ɗago ta ce, “Ina ƙawata? Tana lafiya?” Mata wajen goma suka zuba wa Rakiya ido. Ita da bakinta ta gaya mini daga baya cewa maganar ta zo mata har maƙogwaro, sai ta tuna ita marainiya ce, ta sunkuyar da kai. Matan suka yi shewa, wata ta ce, “Haba Inna, kya sa ta nutse a ƙasa.” Inna ta ce, “Kun gani ko? Tarbiyyata ke nan. Matan yanzu su zo su koya.” Aka miƙa mata taɓarya. Turmi biyu ta daka da yarinya mai zazzaɓi a bayanta, sannan ta dawo gida.

Da na dawo daga karatun yamma ta tare ni a bakin ƙofa, abin da ba ta taɓa yi ba.

“Malam, ko kai za ka gaya wa Malam?”

“In ce masa me? In buɗe baki a gaban ɗalibai in yi zancen 'yar fari?”

“Ka same shi shi kaɗai.”

“Shi kaɗai yaushe, mutum na shirin tafiya? Saura babi ɗaya da rabi. Ki ƙara haƙuri, ai da sauƙi.”

“Ba sauƙi, Malam. Ruwa ke fita a kunnenta.”

“Fitar ruwan ai shi ne sauƙin.”

Ta dube ni ta ce, “To.” Ta koma ciki.

Na san ƙarya nake yi. Kunyar tana nan, ba na musu, da gaske harshena yana nauyi in na tuna zan ambace ta a gaban Malam. Amma a ƙarƙashin kunyar mutumin Garki nake gani yana naɗe tabarmarsa. Na sami al'adar da zan ɓuya a bayanta, na ɓuya, har ana ganin mutuncina. Kwana uku suka ƙara wucewa ina fita tun da sassafe, ina dawowa in ci abinci a tsaye, in leƙa ta da gefen ido in ce wa kaina ta fi jiya. Kowace rana Malam ya yi tambayarsa, kowace rana in ba shi amsar da ya saba ji.

Rana ta tara da hantsi ni ne a gabansa, na karanta layi ɗaya ke nan yana warwarewa, sai muka ji gudu. Rakiya ce ta faɗo zauren, ba mayafi, yarinyar a hannunta wuya ya sandare, ido ya kafe, kukan ma ya ɗauke. Mace ba ta taɓa taka zauren nan ana karatu ba. Ɗalibai suka sunkuyar da kai. Ita kuwa ba ta ga kowa ba, ta wuce ni kamar ba ta san ni ba, ta zube a gaban Malam ta ce, “Baba, 'yata za ta mutu. Halimatu za ta mutu.” Ranar na fara jin sunan a bakinta.

Malam ya miƙe da kansa ya karɓi yarinyar ya yi cikin gida yana kiran Inna, na bi su har tsakar gida. Inna ta taɓa wuyan, ta shinshina kunnen, ta ce, “Tun yaushe?” Rakiya ta ce yau kwana tara. Inna ta dafa ƙirji. “Tara? Da ita a haka kika yi mini daka?” Sai ta fashe da kuka tana cewa ita ta kashe ta da bakinta. Malam bai ɗaga murya ba. Ya juyo ya dube ni ya ce, “Kwana tara kana ce mini lafiya lau.” Na ce, “Allah ya gafarta Malam, kunya.” Ya ce, “Babin haƙƙin 'ya'ya bara muka wuce shi, duk cikinku ba wanda ya kai ka iya fassara shi. A wane layi ka ga kunya?” Na rasa inda zan sa fuskata. Sai ya ƙara da abin da har yau yake ƙona ni, ya ce, “Tsoro ka ji in sallame ka kamar na Garki. Shi wancan yana da lokaci, shi ya sa na ce ya je ya dawo. Kai da ka faɗa, ai da na bi ka har bukkarka na karantar da kai a bakin ƙofa.”

Haka kuwa ya yi. Inna ta shigar da su ɗakinta, aka kira wanzami, aka yi jiƙe-jiƙe da turare da man da ake ɗiga wa kunne, abubuwan da tsofaffin mata suka sani mu ba mu sani ba. Malam ya sa aka shimfiɗa buzunsa a ƙofar ɗakin, nan ya ƙarasa mini babi na ƙarshe, ina karatu ina jin numfashinta ta bayan asabari. Bayan mako guda wuyan ya saki, ta karɓi nono, aka yi ta hamdala. Ranar da aka gama yankan dawa ya rubuta mini izinina, ya naɗa mini rawani da hannunsa, ya ce in riƙe zauren a bayansa. Kwana uku bayan haka suka ɗora kaya a jakuna, shi da Inna. Mun raka su har bayan gari. Inna ta karɓi yarinyar ta rungume ta daɗe, sannan ta miƙa wa uwar, ta tafa hannu sau ɗaya a bayan kan yarinyar, ta tsaya tana dubanta. Sai ta hau jakinta. Ba mu sake jin labarinsu ba.

Ni ban ɗauki tafin nan a bakin komai ba, Rakiya ce ta ɗauka. Kwanaki ta yi tana gwaji ba ta gaya mini ba. Wata rana na dawo daga zaure da sabon rawanina na tarar da ita ta haɗa kai da gwiwa, yarinyar na tsakar gida ta ba mu baya tana wasa da ƙwallayen dabino. Ta ce, “Malam, na yar da tasa a bayanta. Na yi daka a gefenta. Jaki ya yi kuka a bakin zana. Ba ta juyo ba.” Na ce raunin ciwo ne. Ta ce, “To kai gwada. Muryarka ta fi so.” Na tsaya a bayanta na fara karatu. Ta ci gaba da tara ƙwallayenta. Na ɗaga murya, ba ta motsa ba. Sai na ji bakina ya ce, “Halimatu.” Na sake, na sake, ina ƙara ƙarfi, har maƙwabta suka fito suna leƙe ta kan zana su ga malamin da ke ƙwala wa 'yar fari kira da rana tsaka. Sai da inuwata ta faɗa kanta sannan ta waiwayo, ta yi mini dariya.

Na sha tambayar kaina ko da mun faɗa a rana ta biyu da kunnen ya tsira. Bayan shekaru masu yawa na tambayi wani malamin asibiti, ban ma iya ce masa 'yata ba ce, na ce wata yarinya. Ya ce irin ciwon nan ko a hannunsu wani ya tsira da jinsa wani ya rasa. Na so in jingina da maganarsa, ta ƙi riƙe ni. Na yi imani da ƙaddara, na karantar da ita, amma na kuma san inda na je na zauna a rana ta huɗu. Rakiya sau ɗaya tak ta taɓa yi mini maganar, mun riga mun tsufa, tana tsince wake a faifai. Ta ce, “Ni ban riƙe ka ba, Malam, ni ma ai shiru na yi. Abin da ke ci mini rai, an yabe ni a kai.” Ba ta ƙara ba har ta koma ga Allah.

Zauren kuwa ya cika. Ɗalibai daga Buji, daga Garki, har daga wajenmu Haɗeja, na sauke wa da yawa littafin nan, na rubuta sunana a saman nasu. Mutane sukan zo su ce in ba su labarin da, lokacin da ake da kunya da albarka, nakan ba su na dabinai da fatake da ƙamshin tawada a kan wuta, kuma da gaske ina kewar waɗannan har in ji ƙwalla. Wannan ne ban taɓa bayarwa ba, duk waɗanda suka san shi kuma sun riga ni tafiya. Mun sami wasu 'ya'ya biyar, kowanne na ɗauke shi, na nema masa magani da jikinsa ya yi ɗumi. Ita ce dai na kasa. 'Yan kalmomin da ta fara kamawa suka zube, unguwa ta sa mata Bebiya, sunan da Malam ya raɗa ya ɓace, ita kanta ba ta taɓa sanin tana da shi ba. Ga abin da ya fi muni: tun daga ranar nan wata kunyar ta kama ni wadda ba ruwanta da al'ada. In ta tako wurina ta dafa mini gwiwa sai in ji kamar a gaban alƙali nake, in ja takarda kusa da fuskata in kau da jiki, har ta gaji ta koma wurin uwarta. Na riƙa cewa in ta girma zan gyara. Ta girma, ta fi duk matan Limawa iya saƙar faifai, ta reni ƙannenta, ta reni 'ya'yansu, ni ina zaure.

Kurame suna da yadda suke sa wa mutane suna da hannu, kowa da abin da suka fi ganinsa da shi. In uwarta take nufi sai ta bubbuga bayanta, wurin goyo. Ƙanenta mai wushirya, ta nuna haƙori. Bafulatanar da ke kawo mana nono, ta ɗora hannu a ka kamar ƙwarya. Ni na daɗe ban san nawa ba, sai wata rana na shigo gida ba zato na tarar tana tambayar uwarta ina nake. Ta ɗaga tafin hannunta na hagu ta kare fuskarta da shi, ta juya kafaɗa. Shekara hamsin da 'yan kai ta yi a duniya, ta rasu a ɗakin da ke kallon zaurena, kuma ko a ciwon ajalinta da ta so a kira mata ni, haka ta yi wa matar ƙanenta. Babu ƙiyayya a ciki ko kaɗan, tana yi ma tana murmushi. Abin da ta buɗe ido ta gani ke nan, shi ta sa mini.